Yadda Ake Tafiyar Yini Ɗaya Daga Kano Zuwa Duwatsun Birnin Kudu

Zuwana na farko duwatsun Birnin Kudu a watan Afrilu ne. Sai da na karya kumallo a nitse, na jira abokina ya gama neman makullin motarsa, sannan muka kama hanya. Sha biyu saura muka isa gindin dutse, ina sanye da takalmi sau-ciki irin na zuwa ɗaurin aure, ga gorar ruwa ɗaya tal mu biyu. Ban yi taku hamsin a kan falalen ba na ji tafin ƙafata kamar na taka tanda. Wani dattijo da ke tufkar igiya a inuwar tsamiya ya bi mu da kallo har muka sauko muna haki, sannan ya ce, "Samari, ai ko akuya ba ta hawa a wannan lokacin." Ranar ba mu ga abin da ya kai mu ba, wato tsohon zanen da mutanen dauri suka yi a jikin duwatsun.

Na koma bayan nan ba sau ɗaya ba, kuma abin da zan zayyana shi ne yadda nake yi yanzu. Duwatsun ba wasu dogaye ba ne da za a nemi igiya ko horo na musamman. Mai lafiyar da zai iya hawa Dala ba tare da ya zauna sau uku ba zai iya. Abin da ke ɓata tafiyar kusan kullum abu biyu ne: isa a makare, da shiga garin mutane ba sallama.

Wata da rana

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu ake wannan tafiya. Da kaka ƙasa na da sauran kore, an yanke gero, dawa ta sunkuya, ga gyaɗa da rake a bakin hanya. Sai dai ciyawa ta yi tsawo a gindin duwatsu, ƙarangiya ta nuna, macizai kuma ba su gama yawo ba. Da hunturu ya kama ciyawa ta kwanta, turba ta fito fili, dutse ba ya saurin ɗaukar zafi, illa hazo kan toshe maka nesa idan ka kai sama. Ni tsakiyar Nuwamba na fi so, don ana samun rabin wannan da rabin wancan. Bazara kuwa kada a fara: daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle a kan falale. Damina ma haka, dutsen da ya sha ruwa gansakuka ta fito masa ya fi sabulu santsi, kuma ba a son hadari ya tarar da mutum a tsaye a wuri mafi tudu.

Ka duba ranar kasuwa. Wudil Juma'a take ci, Darki Alhamis, kuma duk biyun a kan hanyarka suke. In ba kana son ka kwashe sa'a guda a bayan motocin shanu ba, ka kauce musu. Talata ko Laraba sun fi, don a ranar aiki ne za ka fi samun ma'aikatan hukumar gidajen tarihi da ke kula da wurin.

Jajibirin tafiya

Kada ka tafi kai kaɗai. Mutum uku ko huɗu sun isa: idan ɗaya ya gurɗe ƙafa, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya sauka neman taimako. Ka faɗa wa mutanen gida inda za ka da lokacin da za su fara tsammanin ka.

Mota a duba ta tun da rana, ba da asubar tafiya ba. Baƙin mai, ruwan lagireto, man birki, fitilu. Ka kai ta wajen mai faci ya auna iskar tayoyi, har da safaya, don safayar da ta shekara a but ba a taɓa ta ba yawanci a sace take. Ka tabbatar jak da sifanar kwance taya suna ciki, takardun mota da lasisi kuma suna inda hannu zai kai ba sai an zazzage komai a shingen jami'ai ba. Ka cika tanki a Kano. In babu mota, motocin haya na zuwa Birnin Kudu kullum, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da kai. Amma ka sani sai mota ta cika take tashi, don haka ku huɗu gara ku yi karo-karo ku ɗauki shata.

A jaka ta goyo, ba ta hannu ba, don hannuwanka biyu za su yi aiki: ruwa lita biyu ga kowane mutum, wani kuma a bari a mota, dabino, soyayyar gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, man shafawa saboda leɓe da ƙafa in hunturu ne, bandeji da filasta, tocila, waya a cike da caji. Ka ƙulla sukari cokalin shayi shida da gishiri rabin cokali a leda, wanda za a zuba a lita ɗaya ta ruwa idan wani ya galabaita. Buta da dadduma a but. Kuɗi kuma a riƙe tsaba, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar, domin mai fura ba ta san tiransifa ba, sabis ɗin waya ma ba ko'ina yake kamawa ba.

Takalmi shi ne rabin tafiyar. Kambas mai kaushin ƙasa wanda ƙafarka ta saba da shi, da safa. Ban da silifa, ban da sabon takalmi. Wando mai kauri wanda ya rufe idon sawu, riga mai dogon hannu, malafa ko hular da za ta kare ƙeya. Babbar riga da dogon kaftani a bar su a gida, iska kan cika su kamar tanti a saman dutse. Idan da mata a tafiyar, wando a ƙarƙashin doguwar riga da hijabin da bai wuce gwiwa ba sun fi zani sauƙin taku. Turare kuma kowa ya haƙura da shi ranar nan. Zan faɗi dalili.

Hanya

Ana idar da sallar asuba a tashi, gari na yin sha a kama titin Maiduguri, a wuce Hotoro da Mariri. Wudil na wajen kilomita 40 daga Kano. Bayan an haye gadar kogi an wuce garin, hanya ta rabu: ɗaya ta yi Gaya ta ɓulle Shuwarin da Dutse, ɗaya ta miƙe ta Darki da Takai da Kachako har Kwanar Huguma, ta shiga Jigawa. Ta biyun za ka bi. Gaba ɗaya tafiyar wajen kilomita 130 ce, sa'a biyu ko da ɗan ɗoriya idan ba gudun tsere kake ba. Kuma kada ka yi. Da safe yara na tsallaka titi zuwa makaranta, garken shanu na fita kiwo, ga amalanke da ke shigowa kwalta ba ta duba kowa. Duk garin da ka shiga ka sassauta tun daga allon farko.

Karin kumallo a yi shi a hanya, amma marar nauyi. Teburin mai shayi a Wudil ko Takai ya wadatar: shayi, burodi, ƙwai ɗaya. Ko koko da ƙosai huɗu biyar. Na taɓa cika ciki da waina da miyar taushe a Takai saboda ƙamshinta ya hana ni wucewa. A rabin hawa sai da na nemi gindin ɓaure na kwanta kamar mesar da ta haɗiyi ɗan akuya. Waina ta jira ka sauko.

Sallama kafin hawa

Nan ne 'yan birni suka fi yin kuskure. Mutum ya faka mota a gonar wani, ya fito da kyamara a wuya, ya nufi dutse kamar gadonsa. Duk dutsen da ka gani a karkara yana da masu shi. Akwai mai gona a gindinsa, akwai makiyayan da ke hutawa a kogonsa, akwai mai unguwar da za a tambaya idan wani abu ya same ka.

Idan zanen Dutsen Habude da Dutsen Mesa ka zo gani, fara da tambayar ofishin hukumar gidajen tarihi a cikin gari, domin wuraren suna cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta keɓe. Su za su haɗa ka da wanda ya san wurin. Idan kuma wani dutse ne ka hango a wani ƙauye ya ba ka sha'awa, to ka tsaya a majalisar dattawa ta farko da ka gani. Ka kashe mota, ka fito, ka cire tabarau, ka yi sallama, ka rusuna. A gaisa sosai: an tashi lafiya, ya sanyi, ya aka ji da kaka. Sai an gama wannan sannan ka ce, "Baba, baƙi ne mu daga Kano, dutsen nan muke so mu hau mu ga gari. Ko akwai wanda ya kamata mu gaisar tukuna?" Yawanci za a haɗa ka da yaro ya kai ka ƙofar mai unguwa. A can ma haka: "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini ne." Goro ko ledar dabino da ka riƙo a hannu ba cin hanci ba ne, gaisuwa ce, kuma an san bambancin.

Minti ashirin ɗin nan da kake ganin ka ɓata su ne ke saya maka komai. Za a nuna maka inda za ka ajiye mota a ƙofar gidan da ido ke kai. Za a ba ka ɗan jagora, galibi saurayin da tun yana yaro yake kora awaki a dutsen, ya san turbar da ba ta da santsi, ya san kogon da zuma ta yi saƙa, ya san ramin da aka ga kububuwa makon jiya. Za a kuma gaya maka inda ba a zuwa. In an ce kada a shiga wani kogo, kada ka tsaya musun ko aljanu ne ko camfi ne. Kai baƙo ne, kuma sau da yawa a ƙarƙashin irin wannan hani akwai rami ko maciji. Ka yi magana da ɗan jagora a kan abin da za ka ba shi tun kafin a tashi, in ya ce "ko nawa ka bayar", ka faɗi adadi da bakinka a gaban mutane, in an sauko ka ɗora masa wani abu a kai.

Hoto: kada ka ɗauki mata ko 'yan mata a rijiya ko a gona. Dattijo ma sai ka tambaya.

Hawa

Ka so a ce ƙarfe tara ta same ka a kan dutse, sha biyu kuma ta same ka a ƙasa. Ɗan jagora a gaba, wanda ya fi kowa rauni a bayansa, mai ƙarfi a ƙarshe. Tafiyar ta mai rauni ce, ba ta mai gaggawa ba.

A kan falale mai gangara ba a miƙewa sak, ana yin kwana-kwana ne kamar yadda jaki ke hawa tudu da kaya. Taku gajere, tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse, ba kan yatsu ba. Inda ya yi tsaye har sai an dafa, ka tabbatar gaɓoɓi uku na riƙe kafin ka ɗaga ta huɗu. Dutse irin wannan yana ɓare ɓawo saboda zafin rana da sanyin dare, sai ka ga falle kamar faranti a kwance. Ƙwanƙwasa shi da ƙafa, in ya yi ƙarar holoƙo kada ka ɗora nauyinka. Baƙin layin da ruwa ke bi da damina ma a kauce masa ko da ya bushe. Ciyawar da ta tsiro a tsaga ba abin riƙo ba ce, saiwarta ba ta kai tsawon yatsa ba.

Doka ɗaya da ba na sassautawa: hannu ba ya shiga inda ido bai gani ba. Tsaga, ƙarƙashin dutse, ramin bishiya, nan kunama da maciji suke fakewa. Ka riƙe sanda kana bubbuga ciyawa a gabanka. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau da igiya. A cire zobe ko agogo, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi kada ya taka da kansa, a nufi asibiti kai tsaye; akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a cikin Birnin Kudu. Zuma kuma, ita ce dalilin hana turare: ƙamshi da hayaniya na tayar da ita. In ka ji gunjinta a wani kogo, ka ja baya shiru. In ta taso, rufe fuska da riga ka bar wurin ta hanyar da ka zo, kada ka yi ta kaɗa hannu, kada kuma ka ruga ta gefen gangara.

Ruwa a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi ya zo. Da hunturu mutum ba ya ganin gumi, iska ke shanye shi, sai dai ya ji kai na sarawa. Wanda ya fara jiri ko tashin zuciya, a zaunar da shi a inuwa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukarin nan, hawansa ya ƙare.

Zanen ba a ƙololuwa yake ba, a ƙarƙashin rumfunan dutse yake, inda wani ƙaton dutse ya kifu a kan wani ya yi inuwa. Da ka shiga daga hasken rana ba za ka ga komai ba sai bango. Ka tsuguna, ka ba idonka minti biyu. A hankali sai jan launi ya fara fitowa, ka ga ƙaho, ka ga gadon baya, ka ga ƙafafu: shanu ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba su da tozo. Ka waiwaya ƙasa ka dubi bunajin da ke kiwo a gindin dutsen, kowane da tozonsa, sannan ka sake duban bangon. Wanda ya yi zanen nan wasu irin shanu ya sani, ba waɗannan ba. A shekarun 1950 ne Bernard Fagg, Baturen Ingilan nan da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi nazarin wurin ya sanar da masana na waje. Mutanen gari kam ba su jira shi ba kafin su san da shi.

Kada ka taɓa zanen, kada ka watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto, kada ka rubuta sunanka da gawayi ko alli. Abin takaici ne a ce abu ya tsira daga damina da bazara tun kakannin kakanni, sannan ya ƙare a hannun mai biro.

Ka roƙi ɗan jagora ya kai ka ga duwatsun kiɗa. A ido ba su da bambanci da sauran, sai dai za ka ga 'yan gurabe masu sulɓi a jikinsu inda hannaye suka daɗe suna duka. Ɗauki ɗan dutse daidai tafin hannu ka buga a cikin gurbin: ƙara ce ke fita kamar ta ƙarfe, kowane gurbi da muryarsa. Na ga wani yaro ya riƙe duwatsu biyu ya fitar da kiɗa sosai, mu kuwa da muka karɓa sai ka ce ana gyaran kwano. A tsohon gurbi ake bugawa, ba a sabon wuri ba.

Sauka ta fi hawa haɗari, don gwiwa ta gaji kuma hankali ya riga ya tafi ga abinci. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, jiki a karkace, inda ya yi tsaye a zauna a sauka da mazaunai, ba abin kunya ba ne. Ledar ruwa da duk abin da ka hau da shi ka sauko da shi. Awaki na cin leda tana kashe su. Ka koma ka yi wa mai unguwa sallama kafin ka tada mota.

Abinci

Yanzu ne lokacin ci, kuma bayan saukowa daga dutse ba abin da ya kai fura. Nemi 'yar Fulanin da ta ajiye ƙwaryarta a inuwa, faifai a rufe, ludayi a wanke. Ka duba nonon kafin a dama: kindirmo na gaske yana da kauri da ɗan maiƙo a sama, wanda aka tsinka da ruwa aka ɗaure da garin ƙwame kuwa tsaminsa daban ne, yana kama harshe. Abin da ke ɓata wa baƙo ciki yawanci ba nonon ba ne, ruwan da aka ƙara ne ko ƙanƙarar da ba a san asalinta ba. Ka miƙa mata naka ruwan: "Inna, dama mini da wannan, kada a cika sukari." Ba za ta ji haushi ba, ta saba.

In abinci mai nauyi kake so, bi direbobi. Rumfar da ka ga motocin haya da manyan motoci sun yi layi a gabanta, tukunyarta ba ta kwana. Ka leƙa ka ga tururi na tashi, ka ga inda ake wanke kwanuka, ruwan ɗauraya ɗaya ne tun safe ko ana sauyawa. Tuwo malmala biyu da miyar kuka a ɗiga man shanu, ko shinkafa da wake da mai da yaji, ko ɗanwake in ka ci sa'a ana tsamewa. Ka tambayi kuɗin kwano da kuɗin nama daban tun kafin a zuba, don yanka-yanka ake ƙirga shi. Ganyen salak da yankakken kabeji da aka yayyafa wa ruwa, ni a hanya ina haƙura da su.

Tsire da tsakar rana abin zargi ne, sau da yawa na jiya ne aka ɗumama. Mai tsire na gaskiya da la'asar yake kafa tsinkensa a bakin wuta. In balangu ne, ka karɓi ɗanɗano, ka nuna tsokar da kake so da yatsa, a mayar da ita kan wuta a gabanka kafin a yanka.

Komawa

In da sauran ƙarfi bayan azahar, kada ka maimaita hanya. Daga Kwanar Huguma ka karya zuwa Dutse, wadda ta zama babban birni tun da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991. Ka zaga ta Garu, tsohon garin da fadar sarki take a tsakiyar duwatsu, ka sayi dabino na tsaraba, sannan ka fita ta Shuwarin da Gaya ka dawo Wudil. A nan za ka tsaya wa soyayyen kifi, karfasa ko tarwaɗa, wanda aka tsamo daga mai kana tsaye, a naɗe maka da yaji da albasa.

Ka lissafa yadda magariba za ta same ka a cikin Kano. Da duhu hanyar nan wata aba ce daban: mota mai fitila ɗaya da za ka ɗauka babur ce, amalanke ba fitila ko ɗaya, tirelar da ta lalace a tsakiyar titi alamarta 'yan ganyaye ne da aka jera. Direban da ya hau dutse da safe ya ci tuwo da rana barci na nan tafe gare shi, don haka a karɓe shi tuƙi, ko na kusa da shi ya riƙa jan sa da hira. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, a ajiye ta a waya.

In ka iso, kafin ka shiga cikin gida ka zauna a zaure ka tsince ƙarangiyar da ke ƙafar wando da safa da igiyar takalmi. Ka jiƙa yatsu da ruwa tukuna, ta fi saurin fita ba ta soke ka ba. Wadda ka bari, a tabarma za ta ƙare, kuma ƙafar yaro ce za ta fara samun ta da safe.